Baffa Ya Girmi Rancen Gwamnati

A shekarun da aka kira na tsuke bakin aljihu, ina koyar da aji huɗu a wata firamare gabas da Tsanyawa, tafiyar rabin awa a keke idan rairayi bai riƙe taya ba. Sunan ya yi mana kara, don ba a tsuke aljihu sai in akwai abin da ake tsoron ya zube. Albashi yakan zo bayan wata uku, ya tarar an riga an cinye shi. Amma ina da biro, ina jin Turanci, kuma a unguwarmu ni kaɗai ne gwamnati ta san da zamana. Saboda haka duk takardar da ta shigo gari, ta asibiti ce ko ta kotu ko ta taki, a ƙofarmu take sauka.

Wata shekara, bayan an gama kai amfani gida, aka yi shela cewa gwamnati za ta ba mutanen karkara rancen gina gida. Bulo da siminti, rufin kwano, ɗaki biyu da falo, a biya a hankali cikin shekara ashirin, bayan kowace kaka. Liman ya tambaya ko da ruwa a ciki. Aka ce babu, sai kuɗin hidima. Ya ce hidima halal ce, ya karɓi fom biyu.

Mai unguwa ya kawo mini takardar sharuɗɗa in fassara wa jama'a, na karanta a ƙofar masallaci bayan la'asar. Layin farko ya fitar da ni: rancen na manomi ne, ban da ma'aikaci. Amma an bar mini wani matsayi a ƙasa, don kowane mai nema sai ya kawo mai albashi ya tsaya masa, kuma mai albashi ɗaya mutum ɗaya zai tsaya wa. Sai mai nema ya zama yana da fili nasa a cikin gari, ba gona ba, kuma babu gini a kai. Na ƙarshe, kada ya wuce shekara hamsin da biyar. Wani ya tambayi dalili, na ce gwamnati tana so ta gama karɓar kayanta kafin Mala'ikan mutuwa ya karɓi nasa. Aka yi dariya. A lokacin ina son in ba mutane dariya a ƙofar masallaci.

Baffa ƙanin mahaifina ne. Tun da mahaifina ya rasu muke zaune gida ɗaya, zaure ɗaya, sassa biyu: ni da mahaifiyata da iyalina a hagu, shi da matarsa, wadda muke kira Inna, a dama. 'Ya'yansa mata uku duk sun yi aure, namiji kuwa Allah bai ba shi ba. Ɗakunansa biyu na ƙasa ne, kakanmu ya gina su, kuma kowace damina sai sun zubar da wani abu, ko kusurwa ko yaɓe ko bakin indararo. Ba mutum ne mai dogon buri ba. Bai taɓa maganar Makka ba, bai taɓa maganar ƙarin aure ba. Abin da na ji ya faɗa ya fi sau ashirin shi ne, yana so kafin ya mutu ya ji ruwa yana sauka a kan kwano, shi kuma yana kwance, bai tashi neman tasa ba.

Abu ɗaya ne ya fi kwano girma a ransa, shi ne maƙwabcinmu mai goro, wanda ƙofarsa take kallon tamu, yake cin kasuwar Tsanyawa da ta Bici. Ba gona ce tsakaninsu ba, ba mace ba. Shekaru ne.

Wanda bai tashi a irin garinmu ba zai ɗauka wasa ne. A wurinmu babu mai takardar haihuwa, kuma shekaru ba lissafi ba ne, muƙami ne. Babba shi ke fara sa hannu a akushi. Shi ake miƙa wa goron suna ya raba. Shi ake tsuguna wa, kuma ƙarami ba ya kama sunansa. Baffa da mai goro sanyi ɗaya aka yi musu kaciya, wanzami ɗaya, bukka ɗaya, saboda haka ɗayansu ya girmi ɗaya da abin da bai fi damina ba. Amma wane ne? Baffa ya ce uwarsa ta goya shi ta je barka ranar da aka haifi mai goro. Mai goro ya ce wanda aka goya ran nan yayan Baffa ne mai rasuwa, Baffa kuwa ko cikinsa ba a yi ba. Matan da suka san gaskiya duk sun mutu, da alama don su huta.

Sai kowannensu ya kama ƙara wa kansa shekaru, yadda mai cin iyaka yake ƙara gonarsa, kunya ɗaya kowace shekara, a hankali, ba a kama shi da fartanya a hannu. Lokacin da maganar rance ta zo, Baffa yana sittin da takwas, mai goro yana biye da shi, wani lokaci yana gaba. Ni kuwa na taɓa ganin tsohuwar takardar harajin mahaifina, na yi ɗan lissafi, na gano dukansu biyu ba su fi hamsin da biyu ko da uku ba.

Da Baffa ya zo da fom ɗinsa, muka zauna a zaure, na tambaye shi shekara nawa zan rubuta.

"Rubuta gaskiya," in ji shi.

"Wacce, Baffa? Ta cikin gida ko ta ƙofar masallaci?"

Ya leƙa waje, ya dawo, ya rage murya. "Takardar nan wa zai gan ta?"

"Mutanen ofis."

"Wancan fa?" Ya nuna ƙofar mai goro da haɓa.

"Ba ya karatun boko."

"To rubuta abin da suke so."

Na rubuta hamsin da biyu, na sa sunana a wurin mai tsayawa. Ya dangwala yatsa.

Saura fili. A ƙasarmu babu abin da ake kira fili. Daga ƙofar gidanmu har garin gaba ba za ka taka ƙasar da ba ta da mai ita ba. Dawa tana jingine da katangar gida, hanyar ma kowace damina sai an ɗan yanke ta daga gefe biyu, har jaki mai mangala yakan wuce yana neman gafara. Baffa ya ce a rubuta gonarsa, na ce takarda ta hana. Ya ce to ina gwamnati take so talaka ya samo fili a cikin gari? Na ba shi amsa irin wadda nake ba 'yan aji huɗu: fili shi ne wurin da ɗaki yake, idan aka cire ɗakin.

Ban ce ya rushe ba. Na sha maimaita wa kaina wannan. Amma da na ga maganar ta zauna masa, ban ce kada ya rushe ba. Baffa ba shi da ɗa namiji, ni kuwa na yi karatun rabon gado a gaban malami, na san inda ragowa take zuwa bayan an fitar wa mata da 'ya'ya mata. Falon nan na riga na ga inda zan ajiye kantar littattafaina.

Inna ce kaɗai ta yi magana. Tana tankaɗe a tsakar gida, ba ta ɗago ba.

"Malam, a rushe ɗaki saboda takarda? Ka taɓa ganin takarda ta tare ruwa?"

"Ke ba ki san aikin hukuma ba."

"Ban sani ba. Ka bari su zo su gani tukuna, in sun ce a rushe, ni zan fara ɗaukar gatari."

"Sau ɗaya suke zuwa. Abin da suka gani shi suke rubutawa. Ko ba haka ba, malamin makaranta?"

Na ce haka takarda ta nuna. Inna ta dube ni, irin kallon da ake yi wa tuwon da ya kwana ba a rufe ba, ta ci gaba da tankaɗe.

Baffa ya kira gayyar rushe ɗakunan. Tun da nake ban taɓa ganin gayyar da ta cika kamar wannan ba. Har daga unguwar gaba aka zo, da jakuna, da mangaloli, da kwanduna. Baffa yana tsaye a tsakiya yana ta sa albarka, yana ce mini, ka ga mutunci? Na gani. Ƙasar tsohon gini, wadda ta sha hayaƙi da toka da fitsarin awaki tun zamanin kakanmu, ta fi takin zamani, kuma a shekarar takin zamani a rediyo kawai aka raba shi. Kowa ya san haka, har Baffa, amma murna ta rufe masa lissafi. Kafin azahar ɗakin Inna ya kama hanyar gonakin arewa. Kafin la'asar nasa ya bi. Mai goro jaki uku ya kawo, kuma gonarsa ce mafi kusa, saboda haka shi ya fi kowa sawu. Yana ɗorawa yana cewa, "Ai zumunci ya wuce wasa. Rigimarmu daban, aikin alheri daban."

Azarar rufin kuwa Baffa ya sayar, ya yi hoto, ya karɓo takardar shaidar fili daga wurin dagaci. Inna ta koma ɗakin mahaifiyata da tukwanenta. Shi ya shimfiɗa tabarma a zaure, ya ce na kwana kaɗan ne.

Filin ya fito fes. Kullum da safe sai ya share shi, ya yayyafa ruwa, ya gyara duwatsu huɗun da ya kafa a kusurwoyi. Wani lokaci in tarar da shi yana tafiya a ciki, yana kewaye wurin da bango zai tsaya, yana shiga ta inda ƙofa za ta kasance. Mako biyar muna jira. Bazara ta yi nisa, hadari ya fara leƙowa ta gabas yana komawa.

Ranar wata Talata suka iso a a-kori-kura, mutum biyu da direba. Babbansu matashi ne mai tabarau, mai ladabi, Hausarsa ta birni. Ya so ya zauna a ɗaki ya riƙa kiran mutane ɗaya bayan ɗaya. Mai unguwa ya ce ba a haka a nan. Gaskiyarsa ne. A garinmu wanda ya keɓe da ma'aikacin gwamnati, ko ƙara ya kai ko tsegumi, kuma kafin ya fito an yanke masa wanda ya yi a ciki. Baƙon hukuma a fili ake ganinsa. Aka kafa tebur a gindin durumin ƙofar mai unguwa, aka baza tabarmi, duk namijin da ke iya tafiya ya zo ya zauna.

Da awo aka fara. Suka ja tef a filin Baffa, tsawo da faɗi, mai tabarau ya ce tun da suka fito bai ga fili mai tsabta kamar wannan ba. Baffa ya dubi jama'a ɗaya bayan ɗaya don ya tabbata kowa ya ji. Aka dawo gindin durumi. Daga inda teburin yake ana hango filin ta ƙofar zaurenmu, da duwatsunsa huɗu.

Sana'a? Noma. Mai tsayawa? Ga shi, malamin makaranta. Na ɗaga hannu kamar ɗan aji. Mai tabarau ya bi layi da biro, ya ce da murya sarai, don mutum ne mai son a ji shi:

"Baba, tunda babu takardar haihuwa, sai ka tabbatar da bakinka a gaban mai unguwa. An rubuta shekararka hamsin da biyu. Haka ne?"

Ana jin akuya tana tauna a bayan katanga.

Mai goro ya ɓare goro, ya duba cikinsa kamar mai neman tsutsa, ya ce, ba da kowa yake ba, "Hamsin da biyu. Ikon Allah. Ashe ƙanin bayana nake ta jayayya da shi." Ya jefa ɓari a baki. "Yaro, in ka gama da baƙi, ɗauko mini buta."

Dariyar ta fara daga baya, wurin masu ƙaramin ƙarfi, ta taho gaba. Wani ya ce a lissafa akushin da ya riga yayansa sa wa hannu. Wani ya ce goron sunan da ya raba duk sai a sake. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa.

Mai tabarau ya gane ya taka wani abu, ko da yake bai san mene ne ba. Ya sunkuyo, ya ce a hankali, "Baba, ka ce e kawai, mu wuce." Ni ma na matsa kusa da kunnensa na ce, "Baffa, ɗakin."

Ya dubi filin. Na ga ya dube shi, kuma ya daɗe. Sannan ya dubi mai goro, wanda yake tauna yana kallon sama.

"Yaron nan ne ya rubuta," in ji Baffa, yana nuna ni. "Ɗan boko ne, ba ya nan aka haife ni. Shekarata sittin da takwas. Da wayona aka haifi wancan."

"Baba, ka san sharaɗin?"

"An karanta mana."

"In na rubuta sittin da takwas, ba abin da zan iya yi maka."

"Rubuta."

Mai tabarau ya rufe biro, ya jira. Na yaba masa wannan har yau. Ya juya wurin mai unguwa, ya ce ko akwai gyara? Mai unguwa, wanda shi ma ya daɗe yana cin iyakar shekarunsa, ya ce abin da dattijo ya faɗa shi ne. Aka buɗe biro, aka soke lambata, aka rubuta ta Baffa a samanta.

Ban san mai goro ya cika fom ba sai da aka kira shi. A Bici aka cika masa, a shagon mai buga takardu, bai gaya wa kowa ba. Filinsa wurin da yake ɗaure jakuna ne, an auna, ya isa da kyar. Da aka zo kan shekaru, sai ya tashi tsaye, ya gyara riga.

"Ranka ya daɗe, ni me zan ce? Ga yayana ya faɗa a gaban jama'a, da wayonsa aka haife ni. Ni na daina musu daga yau. Ya ba ni shekara goma sha biyar, ko fiye. Hamsin da uku." Ya juya, ya ɗan rusuna. "Yaya, kai ne shaida. Ko na yi ƙarya?"

Shekara arba'in Baffa yana jiran ya ji wannan kalma daga wannan baki. Duk gari yana kallonsa.

"Haka ne," in ji shi.

Aka rubuta. Sai mai tabarau ya ce wurin mai tsayawa babu kowa. Mai goro ya ce ai da ma ya san malamin makaranta na yayansa ne, shi ya sa bai nema ba, amma tunda yanzu hannun malam ya sauka, ko zai taimaki maƙwabci? Aka juyo gare ni.

Na sa hannu. Na daɗe ina cewa kunya ce, ba a ƙin maƙwabci a bainar jama'a, kuma akwai gaskiya a ciki. Sauran gaskiyar ita ce an kira ni maƙaryaci a gaban mutanen birni, kuma falona ya tafi. Biron ma yana buɗe a hannuna. Washegari aka aiko mini da ƙwaryar goro, fari, manya. Na raba wa malamai a makaranta, na ba su labarin, har hedimasta ya yi hawaye don dariya. Na iya ba da labarin nan. Na iya kwaikwayon yadda Baffa ya ce "Rubuta."

Kwana tara bayan haka ruwa ya sauka.

Ba a yin tubali da damina. Ko da ana yi, ƙasar tana gonakin mutane, azara tana kan ɗakin wani, kududdufin da ake haƙa ya cika ya batse. Inna ta ƙara mako biyu a ɗakin mahaifiyata, tsofaffi biyu da tukwanen mutum biyu a ɗakin da ba ya ɗaukar ɗaya. Ran nan da safe ta ɗaure kayanta, ta ce za ta je wurin ƙaninta a Bagwai har ruwa ya ɗauke. Ta tsaya a zaure, Baffa yana zaune a tabarma.

"Sittin da takwas, Malam. Ni da aka kawo ni gidan nan ba ka fi ni da shekara biyar ba. Ka ga ni ma na tsufa rana ɗaya ban sani ba. Tsohuwa kuwa ba ta kwana a raɓe."

"Na ɗan lokaci ne."

"Haka ka ce wa tabarmar nan."

Na kai ta bakin titi a keke, ta hau bas. Ruwa ya ɗauke a lokacinsa. Inna takan zo da salla, ta wuni, ta koma.

Da kaka gonar mai goro ta yi geron da ba a taɓa gani ba a wannan gefe, zangarniya kamar damtsen mutum. Masu wucewa sukan tsaya su ce, ka ga geron ɗakin Baffa. Har ana nuna inda aka zuba ƙasar wajen gado da inda aka zuba ta wajen murhu, wai na murhu ya fi tsawo. Mai goro ya zaɓi dami mafi girma, ya sa aka ɗauko a ka, da rana tsaka, aka bi ta ƙofar masallaci aka sauke a zaurenmu. Ya ce gaisuwar ƙane ce ga yaya. Ba a mayar da irin wannan. Baffa ya sa albarka, matata ta daka, muka sha fura har mako biyu. Fura ce mai kyau.

Da rani Baffa ya kira gayyar gini. Mutum uku suka zo, ɗaya kurma ne, ya ɗauka wata rushewar za a yi, ya zo da jakinsa. A gini ba a tafiya gida da komai. Baffa ya fara kwaɓa ƙasa shi kaɗai, ya jera tubali kamar ɗari, sai bayansa ya riƙe. Shi bayan nasa shekararsa hamsin da biyu, amma ya ji abin da aka faɗa a gindin durumi, ya kama aiki da shi. Na yi masa alkawarin ɗaki idan aka biya mu albashin da aka riƙe. Da aka biya na sayi tayoyin keke da rediyo. Tubalin ya sha damina, ya koma inda ya fito. Daga baya Baffa ya shuka kuɓewa a filin, tsakanin duwatsun nan huɗu, kuma ta yi kyau, don ƙasan ɗakin bai tafi ba.

Gidan mai goro ya tashi a hankali, irin tashin aikin hukuma, amma ya tashi. Damina ta biyu an rufa kwano. Kuma mai goro bai taɓa saɓa abin da ya faɗa a gaban jama'a ba. Kowace safiya sai ya tsallako hanya, ya cire takalmi, ya tsuguna a bakin zaure, ya ɗaga murya yadda na ƙofar masallaci za su ji.

"Yaya, an tashi lafiya? Ya ruwan jiya? Mu kam ƙarar kwano ta hana mu runtsawa. Kai ka huta, wallahi. Ƙasa ba ta surutu."

"Lafiya lau," in ji Baffa. "Allah ya yi albarka."

Sau ɗaya, da aka yi ruwan kwana uku, ya ce Yaya ya zo ya fake a falo, akwai wuri. Baffa ya ce babba ba ya kwana a gidan ƙane. Mai goro ya ce gaskiya ne, ya yi rashin ladabi, a yafe masa.

Goron suna kuwa ba a ƙara miƙa wa kowa ba sai Baffa. Akushi ba a taɓa shi sai ya sa hannu. In ya makara, a zauna a jira, abinci ya huce, wani ya ce a yi haƙuri, tafiyar mai saba'in sai a hankali. Ba su taɓa gajiya da wannan ba. Garinmu ba shi da silima.

Wasiƙar hukuma ta zo ne wata shida bayan awo, a buge da tafireta, ta hannun mai unguwa. Layi huɗu ce. Ana baƙin cikin sanar da mai nema cewa bai cancanta ba, saboda shekarunsa sittin da takwas sun wuce abin da aka ƙayyade. Na fassara masa a zaure, ina sauri, ina so in gama.

"Sake karanta wajen shekarun."

Na sake.

"Haka aka rubuta? Sittin da takwas?"

"Haka aka rubuta."

"Wannan shuɗin fa?"

"Hatimi ne, Baffa."

"Na gwamnati."

"Na gwamnati."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya nemi leda, ya naɗe ta, ya sake naɗewa da wata.

Bayan shekara uku aka mayar da ni wata makaranta a Bici, na kwashe iyalina da mahaifiyata. Na ce wa Baffa ya koma sashenmu, ya ce ɗakin mahaifina nawa ne, ba ya so a ce ya ci gadon maraya. Na sa kwaɗo na tafi da makulli, ban matsa ba. Nakan zo in an yi hutu. Zuwan da na fi tunawa cikin marka ne. Zauren ya tsufa, yana yoyo ta ko'ina sai kusurwa ɗaya ta yamma, inda akwai 'yar alkuki a bango. Na tarar da Baffa a ɗaya gefen, ya takure a kan buhu, tasa biyu a gabansa suna karɓar ɗigo, gefen tabarmarsa ya jiƙe. A kusurwar da ba ta yoyo ya kafa turmi, ya kifa ƙwarya a kai, don ko feshi kada ya kai alkukin. Ledar tana ciki.

Akwai wani baƙo tare da shi, mai sayen fata daga wani gari, ruwa ya tare shi ya shigo fakewa. Daga can tsallaken hanya ana jin kwanon mai goro yana ta kiɗa.

"Yauwa, ga ɗan bokon ya zo," in ji Baffa. Ya tashi da kyar, ya goge hannu a riga, ya ɗauko ledar, ya warware ta a hankali. "Wannan bawan Allah bai yarda na girmi mai gidan can ba. Karanta masa. Ka nuna masa hatimin."

Na matsa bakin ƙofa inda haske yake, na juya wa ruwa baya, na karanta.